Ranar da Uma Ta Ba Da Layinta

Samarinda,
Alhamis, 5 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Rusdiana, a Taichung.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ading, ƙanwata, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskar ƙanwarsa ba sai a gilashin waya. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki tsaye kan ƙafafunki, da lafiyar baya da ta gwiwa, tunda su ne jarin mai ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera. Allah Ya ƙara miki haƙuri da tsohuwar da kike jinya, ita ma Ya ƙara mata haƙuri da ke, don na san bakinki. Mu nan lafiya, gwargwadon lafiyar mutanen da suka yi mako bakwai suna shaƙar dajin da ake ƙonawa. Rana ta koma kamar gwaiduwar ƙwan gishiri, da tsakar rana za ka kalle ta ido da ido ba ta ce maka komai ba. Matata Hamsiah tana nan tana koyar da lissafi ta bayan takunkumi, ta ce rabin ajin tari, rabin barci. 'Yarmu Zulfa tana Malang, karatu na tafiya. Ba ta kiranmu sai ta manta yadda ake haɗa miyar kifi, wato dai duk mako muna jin muryarta.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Na kira ki sau biyu, kuma duk biyun kafin in kai tsakiyar magana kin riga kin kai ƙarshenta, kin yi kuka, kin yanke hukunci, kin ɗora min laifi. Laifin ban musa ba, amma ina so ki ɗora shi inda ya dace. Takarda ba a katse ta. Na ba Sukarni, matar maƙwabcinmu da za ta koma wurinku ran Lahadi, haɗe da ƙunshin amplang, cincin ɗin kifin nan, guda biyu. In ɗaya ne ya iso, kin san wadda za ki tambaya.

Maganar Uma ce, mahaifiyarmu. Wata shida ke nan numfashinta yana gajarta, ita kuma tana ɓoyewa. Acil Jumantan, ƙanwarta, ita ta tona mata asiri. Ta ce daga gida zuwa masallaci, a kan titin katakon nan na Muara Muntai da muka taso muna tsere a kai, Uma sai ta tsaya sau uku, kuma kowace tsayuwa sai ta nemo wanda za ta gaisa da shi don kada a gane. Ran da babu kowa a hanya, kyanwar mutane ta tsaya tana yi wa faɗa. Likitan zuciya ya duba ta, ya ce jini yana shan wuya kafin ya ratsa huhunta, zuciyar kuma ta fara gajiya da turawa. Abin da bai sani ba shi ne dalili. In tsofaffin gudajen jini ne suka toshe hanyoyi, akwai abin yi. In ba su ba ne, sai lallaɓawa da addu'a. Hoton da zai raba gardamar a sashenmu ake ɗaukarsa. Da ƙyar ta yarda ta zo, da sharaɗin kwana biyu kacal. Kin san yanzu kogi ya janye, kifi ya taru, kowane gida ya shanya nasa, kuma a ganin Uma duk wanda ya juya mata kifi ba ita ba, ya ɓata shi. Ta rantse min ran Asabar da safe tana cikin mota, da hoto ko babu hoto, kuma ba za ta sake saukowa ba sai dai a kawo ta a kwance. Kin san rantsuwar Uma ba ta da kaffara.

Shekara ashirin da biyu kina gaya wa mutane yayanki yana haɗa magani a ƙarƙashin asibiti, ni kuma ban taɓa gyara miki ba, don ya fi gaskiyar daɗin ji. Yau dole ki san kaɗan, in ba haka ba ba za ki gane wautata ba. A ɗakina akwai wata tukunyar dalma da mutum biyu ke ɗagawa suna nishi. Saniya muke ce mata, saboda kullum da safe tatsarta nake yi. Ina tura mata ruwan gishiri ta sama, ya fito ta ɗaya gefen ɗauke da wani haske da ido ba ya gani sai na'urar ɗaukar hotonmu. Hasken nan ba ya jiran kowa. Duk awa shida rabinsa ya tafi, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ita ma saniyar tun ran da aka haɗa ta take tsufa, duk kwana uku nononta ya ragu da rabi, shi ya sa jirgi yake kawo mana sabuwa daga Jawa. Na karanta littattafai da yawa masu wa'azi kan gushewar duniya, amma babu wanda ya kai tukunyar nan iya wa'azi, kuma ita ba ta neman a gode mata.

Don hoton huhu, nonon nan ake zubawa cikin wata 'yar kwalba mai busassun ƙwayoyi, ƙanana fiye da ƙurar gari, miliyoyi a kwalba guda. Hasken ya manne a jikinsu, a yi wa mutum allura, jini ya kwashe su zuwa huhu, su maƙale a ƙananan hanyoyinsa na ɗan lokaci kafin su narke. Duk inda jini yake zuwa sai ya yi haske a hoto, inda ba ya zuwa kuma duhu. Mai lafiya ba ya ma sanin an yi, don hanyar da aka tare ɗaya ce cikin dubu. Amma mai irin ciwon Uma, wadda hanyoyinta sun riga sun ƙaranta, ba a cika mata ƙwayoyi. Dokta Marselina, shugabar sashenmu, ta rubuta da jan biro cewa kada a wuce dubu ɗari da hamsin. To ga inda gizo ke saƙa: haske yana raguwa, ƙwayoyi ba sa raguwa. Abin da cokali ɗaya zai ba ka da ƙarfe takwas na safe, sai cokali biyu da ƙarfe biyu na rana, kuma cokali biyu ƙwayoyi ninki biyu ne. Saboda haka mai irin ciwonta shi ake fara yi wa, ko ɗan sarki ne ko ɗan dako. Wannan ba alfarma ba ce, lissafi ne.

Ran Juma'ar da ta wuce saniyarmu tana da kwana goma sha ɗaya, ta zama ƙashi da fata. Sabuwar tana can ta kwana huɗu tana jiran jirgin da hayaƙi ya hana sauka, tana tsufa a ɗakin ajiya ba tare da ta amfani kowa ba. Na tatsi abin da ya samu da ƙarfe bakwai, na haɗa kwalba, na ja sirinji huɗu na mutum huɗu. Na Uma na auna shi sau biyu, na rubuta sunanta, na sa mata lamba ɗaya a takardar layi. Lamba ɗaya kawai na rubuta. Ban rubuta dalili ba, ban gaya wa Bu Tenri mai ɗaukar hoto ba, ita kanta Uma ban yi mata bayani ba. A mota na ce mata dai, in an kira ki ki shiga. Na ji nauyin in tsaya gaban abokan aiki ina jaddada cewa uwata ce farko, sai na lallaɓa na ajiye takardar kamar wanda ya saci wani abu. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa da riga na shiga kogin.

Kin tuna shekarar da Julak Asmuni, yayan Abah mahaifinmu, ya zo hoton ƙashi, ya ce in tsallakar da shi layi na ƙi? Ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ni kuma na yi shekara goma sha biyar ina ba da labarin a kowace Sallah, ina ƙara masa gishiri. Ashe Uma tana adanawa. Acil ta ce babu mai sayen kifi daga Muara Muntai har Kota Bangun da bai ji cewa ɗan Uma ko yayan ubansa ba ya yi wa alfarma ba. Ni na shuka, ni na yi ban ruwa, ran Juma'a kuma aka kawo min girbin har wurin aiki.

Ƙarfe takwas saura aka bugo daga sama, wai jirgin ya sauka a Balikpapan, kuma ba a sakin irin wannan kaya sai ga mai takardar izini, wato ni. Na bar Uma a benci da kwandonta a cinya, na shiga mota. Awa biyu a hanya, fitila kunne da safe. A ofishin kaya wani mutum mai fara'a ya duba min takardu, ya duba na'ura, ya tafi ya dawo, ya ce lallai jirgin ya sauka, sai dai tukunyar ba ta hau ba, an sauke ta don a sa wa wasu kayan biki wuri. Ya ba ni ruwan sha. Na yi Juma'a a wani masallacin bakin hanya, liman ya yi huɗuba kan haƙuri, na ji kamar wani ya kai masa gulmata. Ƙarfe biyu na shigo sashenmu hannu rabbana, ina cewa a raina ko ba komai an gama da Uma, tana gida tana koya wa Hamsiah yadda ake wanke shinkafa. Ina ɗaga kai sai ga ta a bencin da na bar ta, kwandon ya koma fanko, leɓɓanta sun yi duhu, tana murmushi.

Bu Tenri ce ta ba ni labari, tana yi tana share ido, don a ganinta abin koyi ta gani. Da aka kira sunan Uma da ƙarfe takwas, sai ta waiga ta ga wani alhaji mai farin gemu daga Tenggarong, ta ce ina ita ina shiga gaban wanda ya ga Ka'aba, Pak Haji ya taimaka ya rufa mata asiri ya wuce. Alhajin ya yi 'yar kara sau ɗaya, irin wadda ake yi ana riga an miƙe. Da aka sake kira, sai ga wata yarinya 'yar Bontang tana ta duba agogo, motarsu za ta tashi da sha biyu. Uma ta ce mata, shiga 'yata, ni ɗana ne mai ɗakin, ko rufewa za a yi da ni za a rufe. Na uku wani tsoho ne daga can saman kogi, kwana biyu a jirgin ruwa, ko yarenmu ba ya ji sosai. Shi hannunsa kawai ta kama ta miƙa wa Bu Tenri. Tsakanin haka ta raba musu wainar bingka da ta kawo min, ta ji tarihin ciwon kowa, ta ba yarinyar shawara kan miji. Ƙarfe sha ɗaya na'ura ta koma kan masu hoton ƙashi, waɗanda aka yi wa allura tun safe ba sa jira, daga nan kuma aka rufe don Juma'a. Na tambayi Bu Tenri me ya hana ta matsa mata. Ta ce, Pak Darman, ni ce zan ja uwarka da ƙarfi? Ta ƙara da cewa kowa a sashen ya ɗauka lambar nan alfarma ce na yi, har an fara 'yan murmushi, da Uma ta mayar da ita kuma sai aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban san ko ni ne barewar ko ita ba.

Na durƙusa gabanta na ce, Uma, ba na ce in an kira ki ki shiga ba? Ta kalle ni irin kallon da take mana in mun ci abinci kafin baƙo. Ta ce, Anang ɗana, shekara ashirin kana tsare sunanka, sai ni zan zo rana ɗaya in ɓata maka shi saboda benci? Ta ce ta ga yadda ma'aikatan suke kallon takardar. Ta ce ai allura allura ce, da safe da yamma duk tsininta ɗaya, kuma in sun gama cin abinci a yi mata ta tafi, kifinta na jira. Magana huɗu take yi ta tsaya ta ja numfashi, amma ba ta bar ko ɗaya ba. Na buɗe baki in yi mata bayanin awa shida, sai na tuna na yi shekara hamsin ban taɓa cin gardama da ita ba, kuma ba ranar da zan fara ba ce.

Na shiga ɗakina na auna sirinjinta. Rabi ya rage, kamar yadda na sani tun kafin in auna. In aka yi mata shi haka, sai ta kwanta ƙarƙashin na'ura ninki biyu na lokaci kafin hoto ya fito, ita kuwa minti goma a rigingine sai ta fara neman iska. In na ƙara daga kwalbar safe, na ninka ƙwayoyin da aka hana. Hanya ɗaya ta rage. A firji akwai kwalba guda da ba a buɗe ba, ta ƙarshe, sauran suna tare da saniyar da ba ta hau jirgi ba. A jikin ƙofar firjin kuma akwai takarda mai cewa kwalbar ƙarshe ba a taɓa ta, ta wanda za a kawo cikin gaggawa ce. Takardar ta yi shekara tara a wurin. Rubutun hannuna ne, har da layi biyu a ƙarƙashi. Na tsaya ina karanta ta kamar wani ne ya aiko min.

Na hau wurin Dokta Marselina na zayyana mata komai, na fara da nawa laifin don kada ta riga ni. Tana cin soyayyar ayaba, ba ta daina ba. Ta ce in manta da wadda ke benci, in ɗauka wata tsohuwa ce daga saman kogi, zuciyarta na gazawa, gobe za ta koma inda babu likita kuma ta rantse ba ta dawowa. Ta ce, me za ka ce min? Na ce da na ce a buɗe kwalbar, wannan ma gaggawa ce, sai dai mai tafiya a hankali. Ta ce, to don me za a hukunta ta saboda ta haife ka? Ai ta riga ta sha hukuncin. Sannan ta goge hannu ta sa hannu a takarda, ta ce daga yau duk wanda na sa lamba ɗaya in rubuta dalili da manyan baƙaƙe, ko da kakata ce ta taso daga kabari. Ta kuma ce kada in yi tsammanin ta sauke min nauyin. In aka kawo wani kafin jirgi ya zo, mu biyu za mu tsaya gaban iyalinsa.

Saniyar da aka tatsa da safe ba ta cika kafin yamma, amma ta ɗan tara, sai na sake tatsarta. Abin da ta bayar ko rabin na safe bai kai ba. Da ɗan haske irin wannan ba a zuba shi kan miliyoyin ƙwayoyi, in an zuba sai kowace ta samu abin da bai taka kara ya karya ba. Sai na narkar da ƙwayoyin da ruwan gishiri, na zuƙe kashi tara cikin goma na zubar a kwandon dalma, na bar kashi ɗaya ya sha nonon duka. Ading, shekara ashirin da biyu ina lallaɓa kwalaben nan kamar ƙwai, ban taɓa zubar da wadda ta fi wannan daraja ba. Na jira minti goma sha biyar, na gwada a kan 'yar takarda na ga hasken ya kama, na ja nata, na auna, na sake aunawa. Na miƙa ta taga ina gaya wa Bu Tenri ta juya sirinjin a hankali kafin ta yi, kada ta bari jini ya shigo ciki ya dunƙule. Ta ce tun kafin in fara furfura take wannan aiki. Na bi ta ciki duk da haka. Uma tana kwance ana ce mata ta ja numfashi ta saki, ita kuma tana tambaya ko tsohon nan ya samu wurin kwana.

Ba aikina ba ne karanta hoto, amma wanda ya daɗe a bakin kogi ya san kada. Huhun lafiya yana fitowa kamar fitila biyu. Na Uma ya fito kamar bingkar da aka kai gidan biki aka dawo da ita, an yanke nan, an yanke can, yanka mai kusurwa, biyar a dama, uku a hagu. Dokta Marselina ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan mummunan hoto ne mai daɗin gani. Tsofaffin gudaje ne. An fara mata maganin tsinka jini a ranar, kuma akwai wani babban asibitin zuciya a Jakarta da suke shiga da siririn bututu su buɗe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, zama uku ko huɗu. Dokta da kanta ta zauna da Uma, ta nuna mata hoton ta ce, Ibu, uwata, ga kifinki an cinye rabi, ko mu bar wa kyanwar sauran? Abin da na kasa da digirina, ta yi shi da magana ɗaya. Uma ta ce rantsuwarta kan dawowa ce, tunda ba ta tafi ba ai ba ta karya komai ba. Tana ɗakin Zulfa yanzu, Acil tana juya kifin, ana yi mata gyara ta waya safe da yamma.

Akwai abin da ban gaya wa kowa a gida ba, ke ma ki riƙe shi. Ran Litinin da safe aka kawo wani mutum mai aiki a kwale-kwalen kwal, Pak Lamakka, ƙirji na ciwo, numfashi sama-sama, ƙodarsa kuma ba za ta ɗauki ruwan allurar da ake yi don wani irin hoton huhu da ba namu ba. Irin mutumin da na rubuta takardar firji dominsa ke nan, har na ji kamar na san fuskarsa. Babu kwalba. Ni da Dokta muka tsaya gaban matarsa kamar yadda ta ce. Aka fara masa magani kan zato, ba a san ko ana kashe wuta ba ne ko ana zuba ruwa a ɗakin da ba ya ci. Matar ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta ce Allah Ya kawo jirgin, ta koma ta zauna a bencin da Uma ta zauna. Tukunyar ta iso jiya Laraba, ta riga ta tsufa a hanya, shi na fara yi wa, na rubuta dalili da manyan baƙaƙe. Zaton ya yi daidai, yana nan da rai, yau har ya nemi sigari aka hana shi. Na gode wa Allah, amma ban ce na yi daidai ba, sa'a na yi, kuma na san bambancinsu. In Uma ta ji wannan labari, ba za ta ƙara yarda a taɓa ta ba, za ta ce da ran wani aka saya mata numfashi. Na gaji, Ading. Ba gajiyar da barci ke magani ba. Takardar firjin tana nan, ban cire ba, ban kuma iya kallonta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɓata takarda har haka. An ba Uma rana a Jakarta, ashirin ga watan gobe. Ni ba zan iya barin saniya fiye da kwana biyu ba, babu wani mai izinin tatsarta a nan, kuma in na tafi mutum arba'in ne za a mayar gida. Hamsiah tana da jarrabawar yara. Acil kuwa kin san ta, in Uma ta ba da layinta, Acil za ta ba da kujerar ma. Dokta ta ce can layin ba na mutum huɗu ba ne, na ɗaruruwa ne daga kowane tsibiri, kuma wanda aka kira bai shiga ba sai bayan wata uku. Ki kwatanta Uma a tsakiyar wannan taro. Kowa a wurin ya fi ta nisa, ko ya fi ta tsufa, ko ya je Makka, ko motarsa za ta tashi. Kafin azahar za ta raba ranarta kamar bingka, ta fito tana murmushi, kuma zuciyarta ba ta da wata uku na bayarwa.

Na san hutu a wurinku sai da roƙo, na san tsohuwarki ba ta cin abinci sai daga hannunki. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Amma shekara tara kina ɗaga iyayen mutane, ki zo ki ɗaga tamu wata guda. Ba jinya nake nema a wurinki ba, akwai masu yi. Rashin kunyarki nake nema. Duk gidanmu ke kaɗai Allah Ya raba da kara. Ke ce kika ƙwace wa ɗan limami mangwaro a gaban ubansa, Uma ta yi mako tana ba da haƙuri. Shekara arba'in muna jin kunyar halin nan naki, ashe ajiya Allah Ya yi mana. Zumunci a ƙafa yake, ki taka ki zo.

Ki gaishe min da Sukarni in ta huta, da Mbak Wartini da kuke ɗaki ɗaya, da Pak Tohir mai jan ku salla ran Lahadi. Ki gaida tsohuwarki, ki ce mata aro muke nema ba ƙwace ba. Hamsiah tana gaishe ki, ta ce ki taho mata da man zafin nan na gwiwa. Zulfa da Acil Jumantan suna gaisuwa. Uma ba ta san na rubuto ba. Da ta sani da ta ce kada ki wahalar da kanki, akwai waɗanda suka fi ta buƙatarki. In kin zo, wurin zamanki a gefenta ne, hannunki a damtsenta. In an kira sunanta, ko wa ta waiga ta gani, ki tashe ta.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki mai tatsar saniyar dalma,
Darmansyah